Kamu Goma Sha Bakwai

Madawa, bayan kaka, 1934

Takarda daga hannun Iliyasu zuwa ga yayata Yalwa, a Tama.

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan wagga takarda ta iske ki lafiya, ke da maigidanki da ɗiyanki duka. Ki durƙusa ki gaishe mini da Inna, ki ce mata ƙafar nan tawa ta warke sarai.

Yaya, albishirinki. Na sauke kayan koli daga kaina. Shekara tara ina yawo da su kasuwa-kasuwa, yau ga ni da kanti mai ƙofa da makulli, gabas da kasuwar Madawa. Na sa mishi suna Kantin Sauƙi. Abin da mutum zai zagaya rumfa goma yana nema, duk ga shi a ɗaki ɗaya: akoko, alawayyo, gishiri, sukari, ashana, kananzir, sabulu, allura, tasoshi, har madubin amare. Daga Sakkwato nake ɗauko kayan bisa raƙuma, da yawa lokaci guda, shi ya sa nake sayarwa ƙasa da kantin Nasara. Kuma ba a ciniki. Kuɗin kaya ɗaya ne, ko ɗan sarki ne ko mai itace. Ranar farko wata tsohuwa ta zage ni tas, wai wane irin mutum ne wanga da ba ya bari a taya. Ta fita ta zagaye kasuwa kaf, ta komo ta saya tana hararata.

Amma abin da ya fi jawo mutane, in kin ji sai kin yi dariya. Kin tuna kuna kirana Zalɓe, kuna cewa hannuwana sun kusa jan ƙasa? To hannun nan da kuka raina shi ke ciyar da ni yau. Kin san da kamu ake auna tufa, daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa. Nawa kamun ya fi na kowa da yatsa huɗu cif. Sauran masu tufa gajeren cikinsu suke sawa ya yi awo, ni kuwa ko na so in rage, Allah bai ba ni hanya ba. Mata sun gano. Yanzu in mace ta shigo sayen zane, kafin ta gaishe ni sai ta ce, “Kamun Iliyasu nake so.”

Ga kallabi na aiko wa Inna, ke kuma ga sabulu biyu. Ki roƙa mini ita ta ci gaba da sa mini albarka. Allah shi bar zumunci.

Ƙanenki, Iliyasu

Tama, tsakiyar rani, 1938

Ni Yalwa ke faɗa, Malam Dauda ke rubutawa, kuma na ce mishi kada ya gyara mini magana.

Zuwa ga ƙanena Iliyasu. Ina gaishe ka, ina gaida iyalinka. Inna na gaishe ka, ta ce ka rage yawo cikin rana.

Kai Zalɓe, ashe dai ka zama mutum! Madawa, Urno, Buza, Keita, yau kuma ga Kantin Sauƙi na biyar a garinmu. Tunda ba ka samu zuwa ranar buɗewa ba, bari in ba ka labari, don na san Gado ba zai faɗa maka duka ba.

Mutumin nan Gado da ka aiko ya tsare maka kanti, mutumin kirki ne, amma Iliyasu, ka duba shi kuwa kafin ka aiko shi? Tsawonshi da faɗinshi ɗaya, kamar turmi. Da mata suka ga hannunshi sai suka ɗau ihu, suka ce wallahi ba za a auna musu tufa da wanga guntun abu ba, a kira musu mai kanti. Gado na zufa ya fiddo wata sandar magarya, ya ce kai ka yanke ta daidai kamunka, kuma kowane kanti naka yana da irinta. Wa zai yarda? Sai Inna ta kutsa cikin mutane da sandarta ta tsufa, ta ce a miƙo mata. Ta dubi abin, ta bi shi da taƙi, ta ɗaga murya ta ce, “Hannun ɗana ne. Ni na san shi, tun yana yaro rigar kowa ba ta kai mishi wuyan hannu. Wanda bai yarda da sanda ba, ya yarda da ni.” Shi ke nan, kafin azahar bandir biyu na tufa sun ƙare.

Yanzu har lissafin garin ya sake. Ka san likkafanin babba kamu ashirin ne tun kakanninmu. To yanzu kowa ya sani, in a kantinka ne, goma sha bakwai ya isa har da saura. Tsofaffi sai zuwa suke suna yankar nasu suna ajiyewa. Inna kuwa ba ta da zance sai naka, har na fara gajiya.

Akwai wata magana, kuma kada ka ce na faye baki. Isaka masaƙi, wanda ya saƙa wa Baba rigar da aka ɗaura mini aure yana saye da ita, ya naɗe masaƙarshi. Ba mai sayen saƙi ga alawayyo mai arha. Yanzu ban ruwan albasa yake yi a lambun mutane cikin fadama, da furfurarshi. Ban ce laifinka ba ne. Amma zuwanka na bara ka wuce shi bisa doki ba ka sauka ba, kuma na gani. In ka sake zuwa ka sauka ka gaishe shi.

Sabulun da kake aikowa ya yi kaɗan, ka dinga tunawa ɗiyana shida ne. Allah shi tsare, shi ƙara buɗi.

Yayarka, Yalwa

Madawa, watan Azumi, 1941

Daga Iliyasu zuwa ga yayata Yalwa. Gaisuwa da fatan alheri gare ki da mutanen gida. A gaida Inna da kyau.

Ki yi haƙuri da jinkirin takarda, al’amura ne suka cakuɗe. Tun da yaƙin Nasara ya kai inda ya kai, kumandan, Nasaran da ke mulkinmu, ya rufe hanyar ƙasar Ingilishi. ’Yan duwan, masu karɓar kuɗin fito, sun kama mini raƙuma biyu kusa da iyaka, da kayansu duka, ban sake ganin ko igiyarsu ba. Tufa ta zama abin nema da ido rufe. Ɗan abin da ke shigowa a ɓoye yake shigowa, da tsadar da ba ki taɓa ji ba. Kowa a kasuwa ya ninka kuɗin kayanshi. Ni kaɗan na ƙara, don in Kantin Sauƙi ya zama na tsada, me ya rage mini? Mutum arba’in ke ci a ƙarƙashin sunan nan, Yaya. Da shi nake kwana, da shi nake tashi.

Za ki ji an ce na tattara sandunan awo na kantuna biyar ɗin nan. Ba wani abu ba ne. Bakinsu ya cinye da aiki, na ba maƙeri ya sa musu hular jan ƙarfe. Ta Gado ta koma wurinshi tun makon jiya.

Ga abin da nake so ki riƙe. In gidanmu ana bukatar tufa, ke ko Inna ko yara, kada ku saya wurin Gado. Ki aiko mini, ni zan auna da hannuna in aiko muku. Ba ya kyautu uwar mai kanti ta tsaya cikin layi. Ki faɗa wa Inna haka.

Sallar bana ba zan samu zuwa ba. Ku sa ni cikin addu’a.

Ƙanenki, Iliyasu

Tama, farkon bazara, 1942

Yalwa ke faɗa, Malam Dauda ke rubutawa.

Ƙanena, ina gaishe ka da aiki, ina gaida iyali. Mu nan lafiya lau, sai tarin Inna da ya ƙi tafiya tun sanyi.

Saƙonka na faɗa mata, har sau biyu. Ka san uwarka. Ta ce zane da kallabi ta karɓa daga hannunka, amma likkafani ba za ta karɓe shi kyauta ba ko daga wa, da guminta za ta shiga kabari. Ashe shekara biyu ke nan tana kaɗi tana tara kuɗin zaren a tsumma. Ran kasuwar da ta wuce ta yi wanka, ta ɗaura kallabin nan naka na farko, ta tafi kanti da ƙafarta, ta ƙi in riƙe ta. Kantin cike da mutane ta ce, “Gado, yanko mini alawayyo kamu goma sha bakwai, na tafiya.” Gado ya ce, “Inna, bari in ƙara miki biyu, na girmamawa.” Ta ce, “Kana nufin sandar ɗana ƙarya take yi? Sha bakwai na ce.” Mutane suka yi ta dariya suna sa maka albarka. Ni kaina na ji daɗi, ba zan ɓoye ba.

Ta ninke shi ta sa a adudunta tare da turare. Ta ce in gaya maka yanzu ta shirya, saura ganinka. Ka zo mana, Iliyasu. Madawa ba Makka ba ce.

Allah shi sada mu da alheri.

Yayarka, Yalwa

Tama, cikin damina, 1942

Daga Yalwa. Malam Dauda ya rubuta.

Iliyasu, sallama gare ka. Inna lillahi wa inna ilaihi raji’un. Inna ta rasu ran Talata da hantsi. An aika maka Madawa aka ce kana Keita. Allah shi jiƙanta, shi ba mu haƙuri.

Ba wannan kaɗai zan faɗa maka ba, kuma ka karanta har ƙarshe.

Ni da Gogo mai wankan gawa muka yi mata wanka. Na fiddo likkafanin daga adudu, Gogo ta yayyanka shi yadda ta saba shekara talatin, zane da riga da lulluɓi da na naɗewa. Muka sa mata. Da muka zo na ƙarshe, muka ja shi daga kai, ya tsaya a ƙwauri. Muka ja daga ƙafa, gashinta ya fito. Gogo ta sake gwadawa, ta juya shi, ta miƙe shi da ƙarfi har ya fara yagewa. Ƙafafun uwarka suna waje, Iliyasu. Ƙafafun nan masu faso da ta je kantinka da su.

Gogo ta ce, “Wa ya yanka wanga?” Alhali ba wanda bai ga ranar da aka yanka shi ba. Maza na waje da makara, an gama haƙa, hadari na haɗuwa. Kantinka ba ko kamu ɗaya na fari tun wata guda. Sai da magana ta fita zaure. Ina jin liman yana tambaya a hankali ko akwai mai farin ƙyalle a gida. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, har na so ƙasa ta tsage in riga Inna shiga.

Isaka masaƙi na cikin masu jira. Ya tashi ya tafi gida, ya komo da saƙi fari kamu uku. Daga nashi likkafanin ya yanko, wanda ya saƙa wa kanshi da hannunshi. Da shi muka rufe ƙafafun uwarka.

Bayan an komo daga maƙabarta dattawa suka sa Gado ya kawo sanda. Malam Dauda, wanda ke rubuta wannan, ya ɗora hannunshi a kanta, kuma shi ba dogo ba ne. Suka zo daidai. Gado ya zauna a ƙasa yana kuka kamar mace, ya ce a kawo Alƙur’ani ya dafa, shi bai sani ba. Na yarda da shi.

Kada ka zo yanzu. Ba na so a faɗa maka abin da ake faɗa a ƙofar ɗakin Inna. Abu ɗaya nake so, ka rubuto mini da hannunka: maƙeri ne ya yi kuskure, ko kai ka sa shi?

Yalwa

Urno, ƙarshen rani, 1943

Daga Iliyasu zuwa ga yayata Yalwa, in har ta yarda in kira ta haka. Ina gaishe ki, ina yi miki ta’aziyyar Inna, ta’aziyyar da ta makara wata tara. Allah shi jiƙanta, shi haskaka kabarinta.

Ni na sa shi. Maƙeri bai yi kuskure ba. Na tsaya a kanshi ya datse yatsa biyu daga kowace sanda, ya rufe bakin da jan ƙarfe. Bayan wata huɗu na sake zagayawa na ce hulunan sun yi sako-sako, aka datse wasu biyu. Na ce wa raina ai ban cuci kowa ba, na mai da sanda kamun kowa da kowa ne, abin da nake bayarwa kyauta shekara bakwai na janye. Amma na san da lissafina mutane suke saye. Na san sha bakwai suke cewa. Da na fito na ce, jama’a, yaƙi ya ci ni, ku koma ashirin, da an yi gunaguni kwana biyu an manta. Ban iya ba. Na fi son a ci gaba da cewa kamun Iliyasu.

Akwai wanda ya fi wannan muni. Ranar da takardarki ta zo, wadda kika ce Inna ta yanki nata, a ranar na auna alawayyo kamu uku da hannuna, na ƙunshe. Wata huɗu yana cikin akwatina. Duk mai jakin da zai tafi Tama sai in ɗauko ƙunshin, in tsaya da shi a ƙofa, in mayar. Na san za ta tambaya na mene ne. Na ce in na zo da kaina zan musanya mata ba ta sani ba, kuma na kasa zuwa don kada ta dube ni. Tsoron idon uwata ya sa na bar ta ta tafi da ƙafa a waje.

Kin ji labarin kantuna, amma bari ki ji daga bakina. Maganar Gogo ta riga ni isa ko’ina. Daga Tama har Keita tsofaffi suka buɗe adudu da tukwane suka fiddo abin da suka ajiye. A Keita ina cikin kanti da rana tsaka wani tsoho ya zo, ya shimfiɗa nashi a ƙofa, ya kwanta a kai, ya ja shi ya rufe fuska. Daga ƙarƙashi ya ce, “Jama’a, ku duba mini, ina ƙafata take?” Ba wanda ya yi dariya. Ba wanda ya jefe ni, ba wanda ya fasa mini ko kwalba, kuma wallahi da duka suka yi mini da ya fi mini sauƙi. Daina shigowa kawai suka yi. Gishirina lafiya lau yake, ashanata tana kamawa, amma mace ta gwammace ta taka har ƙarshen kasuwa ta saya da tsada. Urno ta fara rufewa, sai Buza, sai Keita. Gado ya aiko mini makullin Tama ba tare da ko gaisuwa ba. Madawa na riƙe har bayan kaka, ina zaune ni kaɗai da ƙudaje, sannan na sayar da ƙofar da kantocin.

Da abin da na samu na nemi farar tufa duk inda take, na ɗora wa jaki. Wata biyar ke nan ina bin ƙauyuka ina tambayar wanda ya yanki likkafani a Kantin Sauƙi tun Azumin da na datse sanduna. In na samu, sai in naɗe hannun riga in auna mishi uku a gaban idonshi. Wasu sun karɓa, wasu sun ce in ajiye a ƙasa in tafi. Wasu gidajen kuma aka ce mini mai shi ya riga ya tafi, aka ba ni labarin yadda aka yi. Waɗannan ba zan iya rubuta su ba.

Garin da ya rage Tama ne. Ƙunshin Inna na nan tare da ni, ina so in kai wa Baba Isaka, in kuma tsaya a kan kabarinta. In kin ce kada in zo, ba zan zo ba, kuma ba zan ga laifinki ba. Abu ɗaya ke riƙe da ni nake iya cin tuwo: Inna ta tafi ba ta sani ba, ta tafi tana alfahari da ni.

Ina jiran amsarki a gidan maƙeran Urno. Allah shi ba ki haƙuri da ni.

Ƙanenki, Iliyasu

Tama, kafin shuka, 1943

Yalwa ke faɗa. Malam Dauda ya ajiye alƙalami sau biyu, na ce ya ɗauka ya rubuta.

Ƙanena, na gaishe ka. Takardarka ta zo.

Ta sani, Iliyasu. Macen da ta shekara hamsin tana kaɗi, ka ce ba ta san tsawon tufa ba? Ranar da ta saya, da la’asar, ta warware shi a ɗaki ta gani. Ba ta faɗa wa kowa ba sai ana gobe za ta rasu. Ta kama hannuna ta ce, “Yalwa, kada ki kira Gogo, ke kaɗai za ki shirya ni. Ki tanƙwashe mini gwiwa, zai isa.” Na ce Inna, bari in nemo ƙari. Ta ce, “In kin nema, gari zai tambaya.”

Ban yi mata ba. Na kira Gogo, kuma ni na miƙe ƙafafunta da hannuna. Na kasa naɗe uwata don in rufe ka. Kai ka datse sanda, ni na ƙi wasiyyar uwata, kuma har yau ban san ko ta yafe mini ba.

Isaka ya ce ka kawo mishi kamu ukunshi, jikinshi ya fara gaya mishi. Ka zo da rana, ran kasuwa, ta babbar hanya, a ƙafa. Zan tsaya a ƙofar gida in jira ka.

Yayarka, Yalwa